Kabad a Bakin Ƙofa

A ƙarshen barandar sashen adabi akwai wani ɗaki da a da ba shi da aiki sai ajiyar tsofaffin takardun jarrabawa da karyayyun kujeru. Ɓeraye ne suka fi kowa sanin cikinsa. Da aka ce za a fara koyar da ƙirƙirar labari da waƙa a sashen, nan aka share aka ba su, don an ɗauka mutum nawa ne ma za su zo. Shekarar farko ɗaliban tsiraru ne, ta biyu sai da aka aro benci, yanzu kuwa in ba ka zo da wuri ba sai dai ka tsaya a bakin ƙofa kana leƙe. Har an fara magana a taron malamai wai a ba kwas ɗin babban ɗakin lakca, a kuma ƙara wani irinsa a aji na gaba.

Bango ɗaya ne ya raba ɗakin da ofishin Farfesa. Farfesa dai tsohon matarki ne, wato mai nazarin adabi, tun yana da baƙin gashi yake feɗe littattafan mutane, ya fito da jigo nan, salo can, ya baje su a kan allo ɗalibai suna kwafa. Kuma a faɗi gaskiya, ya iya. Kada a ɗauki alhakinsa, ba ya cikin malaman da ke taɓe baki in an ambaci sabon kwas ɗin, masu cewa an mayar da jami'a dandalin hira. Shi daɗi ma yake ji in yana shan shayinsa dariyar yaran tana ratso bango. Abu ɗaya ne bai taɓa lura da shi ba. Duk marubutan da ya ƙarar da rayuwarsa a kansu sun riga sun gama nasu: wasu suna kabari, sauran kuma littattafansu sun fita, an ɗinke an manne. Ko me ya faɗa a kansu, ba wanda zai koma gida ya canja ko waƙafi.

Mai koyar da kwas ɗin, wadda kowa ke ce wa Dakta, ɗalibarsa ce a da, shi ya duba mata kundin digirinta. Da cikinta ya tsufa ta zo ofishinsa tana jan ƙafa, ta zauna da ƙyar, ta roƙe shi ya riƙe mata ajin har ta dawo daga hutun haihuwa. Ya ce wannan ai ba abin roƙo ba ne. Ta shiga zayyana masa dokokin ɗakin. A kewaye ake jera kujeru, ba malami a gaba. Mai labari zai karanta nasa, sannan ya ja bakinsa ya tsuke, ba shi da ikon cewa uffan ko da an yi masa bahaguwar fahimta, sai dai ya rubuta abin da ya ji. In an tashi kowa ya mayar masa da kwafin da aka raba. Farfesa yana gyaɗa kai yana juya cokali a kofi, rabin hankalinsa yana wani wuri. Mutumin da ya jagoranci tarukan ƙara wa juna sani ba adadi, shi za a koya wa zama da yara?

Har ta miƙe ta dafa ƙofa, sai ta juyo. Ta ce akwai wata yarinya da ba ta zama ko'ina sai kusa da taga, har 'yan ajin suna ce mata 'Yar Taga. Ba ta cika magana ba, kuma sai da aka sha lallashi kafin ta yarda ta kawo labari. Dakta ta ga daftarin, kuma shi take so ya buɗe ɗan littafin labaran ɗalibai da sashen ke bugawa a ƙarshen zango.

"Malam, don Allah ku bi ta a hankali," in ji ta. "Irin waɗanda in suka firgita sau ɗaya ba sa sake ɗaukar biro ce."

Ya ce ta je ta sauka lafiya, ta bar masa sauran.

Makonnin farko abin ya tafi sumul. Yara suna karantawa, 'yan uwansu suna tsokaci, Farfesa yana zaune a cikin da'ira gwiwarsa tana gogar ta wani dogon saurayi da ake kira Mai Gardama, wanda ko ka ce masa rana ta fito sai ya leƙa ya tabbatar. Labaran ba yabo ba fallasa, don haka Farfesa bai ga abin da zai tashe shi daga kujera ba. Yakan gyara ɗan wani abu, ya sa albarka, a watse. Har ya fara jin ashe aikin ma hutu ne.

Sai ranar 'Yar Taga ta zo.

Labarin ba wani dogo ba ne. Wasu iyali ne suka tashi daga tsohon gidan haya zuwa sabo. Komai ya shiga lafiya sai kabad ɗin kaka, wani ƙato na katako mai ƙyaure biyu da madubi. Ba mai iya ɗaga shi sai Baba da ƙanensa Baffa, su kuwa sun daɗe ba sa ga-maciji da juna, ko gaisuwa ba ta haɗa su. Sai aka tsayar da Inna a tsakani tana isar da saƙo. Gaya masa ya ɗaga. Gaya masa na ɗaga, shi ne bai ɗaga ba. Gaya masa ya karkato hagu. Tambaye shi, hagun wa? A haka kabad ya shiga ƙofar ɗaki rabi ya cije, ba gaba ba baya, Baba a ciki, Baffa a waje. Ranar ta saman kabad aka riƙa miƙa wa Baba abinci da butar ruwa, har kafinta ya zo washegari ya kwance shi gunduwa-gunduwa.

Kanta a sunkuye ta karanta, muryarta ƙasa-ƙasa, kamar mai ba da haƙuri. Mai Gardama ne ya fara fashewa da dariya, daga nan ajin ya ɗauka. Farfesa ya yi ta maza ya daure har zuwa "hagun wa", a nan ya kasa, sai da ya cire tabarau ya share hawaye da hannun riga. Rabonsa da irin wannan dariya a cikin harabar makaranta har ya manta.

To, a nan aka samu matsala, kuma ƙauna ce ta jawo ta. Farfesa in rubutu ya burge shi, hanya ɗaya ya sani ta girmama shi. Ya miƙe daga da'irar, ya hango allo a jingine a lungu fuskarsa tana kallon bango, ya sa yara biyu suka juyo masa da shi, ya zaro alƙalamin allo daga aljihu, don ba ya rabo da shi.

Kabad ɗin nan, ya ce musu, ba kabad ba ne. Nauyin tarihi ne, abin da magabata suka bari, wanda ba a iya yarwa kuma ba a iya ɗauka. Ƙofar da ya cije a ciki zamani ce, da ƙuncinta. Madubin al'umma ce tana kallon kanta ba ta gane kanta. Inna kuwa, a duba da kyau, harshe ce kanta, mai shiga tsakanin mutane tana kai rabi tana zubar da rabi. Hatta kafinta bai tsira ba, sai da Farfesa ya naɗa shi matarki, mai kwance abu don a ga yadda aka haɗa shi. Ya ja kibiya daga nan zuwa can, ya kewaye wannan, ya ja layi ƙarƙashin wancan, ya jawo ra'i kan ra'i, har allo ya cika ya koma rubutu a gefe-gefe. Wallahi lakca ce mai kyau. Da a zauren taro ya gabatar da ita da an tafa masa a tsaye.

Sau ɗaya 'Yar Taga ta ɗago kai, ta buɗe baki, ta tuna doka, ta rufe. Daga nan ta duƙufa tana kwafe duk abin da ke kan allo har hannunta ya gaji ta riƙa yarfe shi. Aka tashi, kowa ya miƙa mata kwafinsa yana kallonta da wani sabon ido, shi kuma Farfesa ya koma ofis yana jin ya yi wa yarinyar nan gata.

Da yamma ya ba mai ɗakinsa labarin a barandar gida. Ita ta yi ritaya daga aikin asibiti, kuma tun suna da ƙuruciya ta gaya masa ya riƙa ajiye jigo da salo a bakin ƙofa tare da takalmansa, don haka bai kawo mata zancen allo ba. Labarin kawai ya ba ta, yana kwaikwayon muryar Baba, yana kwaikwayon ta Baffa, yana tsayawa a tsakiya ya zama Inna. Ta yi dariya har ta ƙware, ya tashi ya kawo mata ruwa. Ta sa shi ya kira babbar 'yarsu a waya ya maimaita mata. Kwanaki bayan nan in ya tambaye ta ina ta ajiye masa makulli ta ce a hagu, sai su haɗa baki su tambayi juna hagun wa, su yi ta dariya kamar yara.

Da gyararren labarin ya iso teburinsa bai buɗe shi a ofis ba. Ya ce wannan tare za su sha daɗinsa. Ya kai shi gida, ya jira ta zauna tana ninke wanki, ya gyara zama, ya gyara murya. Sunan labarin ma ya canja, ya koma wani abu mai nauyin tarihi da ƙofar zamani a ciki. Jimlar farko ta ce kabad ɗin, wanda yake wakiltar abin da magabata suka bari, ya tsaya a gaban ƙofa yana duban al'umma da madubinsa cikin takaici. Baba ya daina cewa a ɗaga, ya koma yin jawabi a kan jiya da yau. Inna ta daina kai saƙo, ta tsaya a gefe tana tunanin raunin harshe. Farfesa yana karantawa muryarsa tana raguwa.

Mai ɗakinsa ta dakata da zanen da ke hannunta.

"Malam, wai rasuwa aka yi a gidan?"

Ya ce a'a.

"To ina 'hagun wa' ɗin?"

Ya juya shafi, ya juya na gaba, ya dawo baya. Babu. Abin da ya fi ci masa rai, ba jimlar da bai gane ba. Duk nasa ne, har da inda yakan ja numfashi, kamar mutum ya ga rigarsa a jikin ƙaramin yaro tana jan ƙasa. Ya ninke takardun ya ɗora a cinya. Ita kuwa ta dube shi ta saman tabarau ta ce yanzu me ya yi wa 'yar mutane, don ta san wannan fuskar.

Washegari ya aika aka kira masa 'Yar Taga. Ta shigo ta rakuɓe a bakin kujera, jaka a rungume. Ya yi 'yan kewaye-kewaye, sannan ya ce yana son ya sake ganin daftarin farko, don kwatantawa. Ta ce ai babu shi. A waya take rubutu, kuma a kan tsohon ta rubuta sabon. Kwafin da aka mayar mata kuwa ta yayyage su ta zuba a kwandon shara tun ranar, saboda kunya. Kunyar me? Ta ce kunyar yadda ta zauna ta rubuta abu mai zurfi haka ba ta ma sani ba, ita a zatonta labarin kabad ɗin kakarta take bayarwa.

Bai gama haɗiye wannan ba ta ƙara masa da wani. Tun daga ranar, in ji ta, ta yi ta ƙoƙarin rubuta sabon abu, amma da ta sa kofi a hannun mutum sai ta tsaya ta tambayi kanta me kofin yake wakilta, ta rasa amsa, ta goge. Takalmi haka, tsintsiya haka. Ta gane wancan karon sa'a ce kawai ta taka, ita ba marubuciya ba ce. Don haka tana roƙon a cire sunanta daga littafin ƙarshen zango, kuma zango mai zuwa za ta tsaya a kwasa-kwasan nazari, can ko ba komai akwai amsa. Ba ta yi kuka ba. Cikin ladabi ta faɗa, har da godiya a ƙarshe, kuma godiyar nan ce ta fi sukar Farfesa.

Ya ce ta ba shi zuwa zama na gaba, kada ta yanke komai. Tana fita ya ɗauki waya ya kira Dakta, wadda ta sauka lafiya tun makon jiya. Kukan jariri ne ya fara amsa masa. Ya yi barka, ya yi ya mai jiki, sannan ya zayyana mata abin da ya faru, bai rage komai ba. 

"Malam, kun je allo?"

"Na je."

"Haba Malam. Ni da na juya fuskarsa bango da hannuna, kun ɗauka mantuwa ce?"

Sai ta sa dariya, irin ta wanda ya san malaminsa ciki da bai. Ta ce ita dai ga ɗa a kafaɗa, wanda ya ɓata shi zai gyara. Gargaɗi ɗaya ta yi masa: kada ya kuskura ya gaya wa yarinyar sabon bai yi kyau ba, don in ya yi haka ta rasa tsohon ta rasa sabon. Ya tambaye ta ita yaya take yi da su. Ta ce yawanci tambaya kawai take yi, sai jaririn ya tsandara ihu, wayar ta katse.

Farfesa ya kwana da abin a ransa. Tambaya ai ya saba yi, sana'arsa ce. Amma da ya bi tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya sai ya ga duk irin waɗanda ya riga ya san amsarsu ne, yana jefawa ne ya ga wa zai cafke. Ya rasa yaushe rabon da ya tambayi ɗalibi abin da shi kansa bai sani ba.

Ranar zama ya riga kowa shiga, ya mayar da allo lungunsa. Da suka hallara ya ce yau an juya doka. Mai labari ce za ta yi magana, ba takarda, ba waya, da baki kawai. Sauran ba su da ikon yin sharhi, sai tambaya, kuma tambayar da da gaske ba su san amsarta ba. Wanda aka hana magana yau shi ne shi kansa Farfesa. Mai Gardama ya ɗaga hannu ya ce in Malam ya karya doka fa? Farfesa ya ce a fitar da shi waje. Suka yi dariya, ban da 'Yar Taga, wadda ta yi tsuru-tsuru kamar an kira ta gaban alƙali.

Ta fara da ƙyar. Ta ce kabad ɗin yana wakiltar, sai Mai Gardama ya katse ta, ya ce shi bai yarda ma akwai kabad ɗin da mutum biyu za su kasa shigarwa ɗaki ba, ai sai dai in ba su iya ba. Girmansa nawa? Ta ce babba ne. Ya ce babba kamar yaya, ya kai wancan allon? Ta dube shi sheƙeƙe ta ce allon me, ai ita da yayyenta har ɓuya suke yi a ciki su duka, kuma ƙafarsa ɗaya gajeriya ce, da ninkakken kwali ake tokare ta. Wata ta tambayi warinsa. Ta ɗan yi tunani, ta ce warin maganin asu da tsohon turare, in ka buɗe sai ka yi atishawa. Wani ya ce wa ya matse yatsa, don ya tuna an yi ihu a labarin. Ta ce Baffa ne, kuma ko ihun ma ta hannun Inna ya aika, ya ce a gaya masa ya matse ni.

Ajin ya kwashe da dariya, ita ma murmushi ya suɓuce mata. Daga nan ba a sake jan ta ba. Ta ajiye jakar a ƙasa, ta miƙe, ta nuna yadda Baba ya turo ƙeya ya sa kafaɗa, yadda Inna ta gaji ta fara ƙara nata a cikin saƙon, yadda maƙwabta suka taru kowa yana ba da shawara ba mai kama ko kusurwa. Wasu abubuwan na tsohon labarin ne, yaran suna tuno mata su, wasu kuwa ba wanda ya taɓa ji. Farfesa yana zaune ya haɗe hannuwa a ƙirji. Da ta ambaci gajeriyar ƙafar nan da kwalin da ke tokare da ita, wata fassara mai daɗi ta taso masa har maƙogwaro, sai da ya ciji leɓe. Kai, ranar ya sha wuya.

Can wata ƙaramar yarinya mai sanyin murya ta tambayi abin da ba wanda ya yi tunaninsa. Ta ce ke a lokacin kina ina?

'Yar Taga ta tsaya. Ta ce tana ƙarƙashin kabad ɗin. Ita ce ƙarama a lokacin, ita kaɗai ke iya rarrafawa ta tsakanin ƙafafunsa, shi ya sa aka aike ta ta kai wa Baba takalmansa. Tana tsakiya, ciki a ƙasa, sai maƙwabta suka watse, Inna ma ta tafi duba tukunya. Ya rage ƙafafun Baba ta nan, ƙafafun Baffa ta can, ga katako a tsakaninsu, ba mai ganin wani, kuma ba wanda ya san tana wurin.  Sai ta ji Baffa ya matso da bakinsa jikin katakon, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ya bayan naka?"

Ta ce Baba ya daɗe bai amsa ba, har ta zaci bai ji ba. Sannan ya ce, "Da sauƙi. Yatsan fa?"

Shi ke nan abin da suka ce. Ba su shirya a ranar ba, ba su ma shirya a shekarar ba. Ta ce ba ta sa shi a labarin ba don ta ga ba abin dariya ba ne, kuma ba wani abu ba ne, magana ce ta ciwon baya.

 Mai Gardama ya buɗe baki, ya rasa abin musantawa, ya mayar ya rufe. Farfesa ya ji idanunsa sun yi zafi, kuma wannan karon ba dariya ba ce. Yana da abin faɗa, ya Allah yana da shi, lakca guda cur ta jeru a kansa da farkonta da ƙarshenta. Ya haɗiye ta. Ya zaro 'yan fararen takardu daga jakarsa, ya miƙa wa na kusa da shi, aka yi ta miƙawa hannu zuwa hannu har suka isa gare ta. Sannan ya nuna wa sauran ƙofa da haɓa.

Suka fita sumui-sumui. Shi ne na ƙarshe, ya jawo ƙofar a hankali, ya zauna a bencin baranda. Ta gilashin ƙofar yana hango ta a mazauninta, ta duƙa tana rubutu ba ji ba gani. Wani lokaci ta yi dariya ita kaɗai, wani lokaci ta tsaya ta goge ido da bayan hannu ta ci gaba. Ɗaliban wani malami suka zo da niyyar shiga, Farfesa ya tura su babban ɗakin lakcarsa, ya ce yau ya ba su aro. Mai kula da makullai ya zo zai rufe, Farfesa ya karɓi makullin ya ce ya je, shi zai kai masa. Rana ta yi sanyi, baranda ta yi shiru, shayinsa yana can ofis ya huce, bai damu ba. Daɗi yake ji, irin wanda ya daɗe bai ji ba.

Da ta fito, takardun suna rungume a ƙirjinta, gefen hannunta duk tawada. Farfesa ya miƙe, ya miƙa hannu kamar yadda ya saba miƙawa a ƙarshen kowace jarrabawa tun kafin a haife ta. Ta dubi hannun, ta dubi takardun, ta ƙara matse su.

"Ba yanzu ba, Malam. Ban gama ba."

Tunda ya fara koyarwa ba ɗalibin da ya taɓa hana shi takarda. Ya janye hannunsa ya sa a aljihu, bakinsa har kunne.

"To yaushe?"

"In na gama zan kawo muku. Amma ku gaya wa Dakta kada a cire sunana."

Ya ce zai gaya mata. Ta rusuna ta wuce da sauri, tana tafe tana duba shafin ƙarshe, har ta kusa karo da ginshiƙi. Farfesa ya kulle ɗakin, ya tafi kai makulli.